Kawu Hekmot, Mai Fiton da Bai Iya Ruwa Ba

Tun kafin a haifi kakata akwai jirgin fito a mashigin Boroitola, kuma tun daga lokacin gorar tuƙa shi ba ta taɓa barin gidan su mahaifiyata ba. Wanda ya fara shi ne Kalu Majhi. An ce wata shekara kogin Fuljor ya cinye masa gonar shinkafa, ya tsaya a gaɓa yana zagin ruwan har muryarsa ta dushe. Yana cikin haka wani mai tallan gishiri ya ƙwala masa kira daga tsallake, ya ce ko zai fito da shi. Kalu yana da wani ɗan kwalekwalen kamun kifi mai yoyo. Ya je ya ɗauko mutumin, rabin gishirin ya narke a hanya, amma sana'a ta kafu.

Daga Kalu gora ta koma hannun ɗansa Jobbar, daga Jobbar ta zo hannun nasa ɗan, Kawu Hekmot, yayan mahaifiyata. Jirgin kansa an sake masa katakai har ba ƙusa ɗaya da ta rage daga na farko, amma har gobe jirgin Kalu ake ce masa. Gada kuwa sau uku ana zuwa aza harsashinta, kowane karo gab da zaɓe. Duwatsun uku suna nan bakin ruwa, mata na buga wanki a kansu. Sun fi son na biyun, don ya fi santsi.

Gidan na da al'ada guda. Ranar da tsoho zai bar aiki, shi da magajinsa su kaɗai ke shiga jirgi su tafi tsakiyar kogi, mutanen garinmu da na Ghoshgati da ke tsallake suna tsaye a gaɓa suna kallo. Tsoho ya miƙa gora, ya faɗa ruwa, ya yi iyo ya komo gida. Dattawa sun ce dalili shi ne jirgi ɗaya ba ya ɗaukar masu fito biyu. Kalu ya yi. Jobbar ya yi yana da shekara sittin, masu ƙarin gishiri ma sun ce da kifi a hannu ya fito.

Kawu Hekmot ya kai sittin ya wuce, ya kai saba'in da ɗaya, bai miƙa gora ba.

Gajeren mutum ne, ƙafafunsa sirara, gemunsa ja jawur da lalle, zanen lungi kullum a naɗe sama da gwiwa. Shekara arba'in da bakwai yana fito, ko ɗan tsako bai taɓa nutsewa a hannunsa ba, kuma duk wanda ya shiga jirginsa ya san dalili. Jirgin na ɗaukar mutum ashirin, shi sha biyu yake ɗauka. Kowa sai ya zauna. In gajimare ya fito ko da faɗin tafin hannu ne, sai ya ɗaure jirgi ya tafi shan shayi, ko kana da haihuwa a tsallake. Ya taɓa kwashe 'yan rakiyar ango ya bar angon a gaɓa da rawaninsa, don shi ne ya zama na sha uku. Wani ciyaman kuma ya ce shi a kan babur ɗinsa zai zauna har a ƙetare. Kawu ya jingina da gora yana taunar ganyen pan, wanda shi ne goronmu a nan, har mutumin ya gaji ya sauko ya zauna a ƙasa tsakanin awaki biyu.

Ɗansa Nurnobi shekararsa arba'in da huɗu, furfura ta fara masa a gemu, 'yarsa ta fari har ta yi aure. Aikinsa a jirgin shi ne kwashe ruwa da kwano da kuma riƙe igiya. Duk garin Mai Jiran Gora ake ce masa, har matarsa in ta yi fushi.

Wanda ya fi kowa takura wa Kawu shi ne Haripada Ghosh, mai kindirmo na Ghoshgati, tsaransa, wanda yake ƙetarowa kowace safiya da tukwane biyu rataye a sanda tun suna samari.

"Kai, jan gemu," haka yake fara gaisuwa, "yaushe za ka ba yaron nan gora? Ko sai ya riga ka tafiya?"

"Ranar da ka daina zuba wa nononka ruwan kogi."

"Ni? Na rantse da saniyata!"

"Saniyarka ma ta san gaskiya. Zauna, Haripada. Ka zauna sosai, ba tsugune ba."

Kowa ya ɗauka taurin kai ne da son mulki. Ni ma haka na ɗauka.

Abin ya zo ƙarshe ne wata safiya cikin rani. Suna tsakiyar kogi gwiwar Kawu ta riƙe, ya saki gora don ya kama ta, jirgin ya yi juyi uku a hankali ya komo gaɓar da ya bari. Babu wanda ya ji ciwo. Wata tsohuwa mai gyangyaɗi ta sauka da kwandonta, ta yi tafiya mai ɗan nisa tana mamakin yadda Ghoshgati ta koma kama da garinsu, har ta tsinci kanta a ƙofar gidanta. Da la'asar dattawa suka zaunar da Kawu a rumfar mai shayi. Suka ce ya miƙa gora Juma'a mai zuwa. Ya ce bayan girbi. Suka ce an yi girbi. Ya ce na baɗi. Daga ƙarshe aka tsaya a kan ƙarshen watan Choitro na kalandarmu, lokacin da ruwa ya fi ja da baya, sati uku ke nan.

A satin ne na dawo hutu daga jami'a a Rajshahi. Kwana biyu da zuwana, da tsakar rana mutane duk sun ci shinkafa sun kwanta, Kawu ya leƙo gidanmu ya yafito ni da hannu.

"Uwata, zo." Haka yake kirana tun ina ƙarama.

Na bi shi har bayan gidansa, bakin tafkin da ayaba ta kewaye. Ya duba hagu ya duba dama, ya kori wata agwagwa da ta tsaya kusa.

"Kin san me ya sa na kira ki ke, ba wani ba?"

Na girgiza kai.

"Don tun da aka haife ki ban taɓa jin kin gama jimla ɗaya gaban mutane ba. Ko kin so ki tona ni, kafin ki buɗe baki na mutu an yi arba'in." Ya matso. "Ban iya ruwa ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. A garinmu yaro kan iya iyo kafin ya iya ɗaura zane. Makafi sun iya, guragu sun iya, limamin masallaci da tumbinsa ya iya.

"Kawu, ko kaɗan?"

"Ko na kaza."

Ya zauna a kan kututture ya ba ni labari. Kafin a haife shi mahaifiyarsa ta rasa ɗanta na fari a wannan kogin. Da ya fara tafiya sai ta ɗaura masa ƙararrawa a ƙugu don ta riƙa jin inda ya nufa, da ya kai shekara huɗu kuma ta kai shi wajen danginta can ƙasar tudu, inda ruwa sai a rijiya. Bai dawo ba sai yana da sha biyu. Ta ce wa Jobbar ai yaron ya koya a can, Jobbar kuma bai taɓa tambaya a wane ruwa ba. Shi kuwa ya iske sa'anninsa suna tsalle daga kan bishiya, masu koyo duk 'yan shekara huɗu ne tsirara rungume da kututturen ayaba. Ya ce bari sai baɗi, in ba kowa.

"Baɗin ce ta zo," in ji shi. "Ki koya mini. Sati uku. Ai ku a jami'a cikin sati uku kuke haddace littafi guda."

Muka sare ayaba ɗaya. Kowace rana in gari ya yi tsit bayan azahar, sai mu haɗu bakin tafkin. Ranar farko ya shiga har idon sawu, ya tsaya ya karanta duk surorin da ya sani, ya fito ya ce ya isa haka kada a yi garaje. Rana ta uku ya rungumi kututturen ya ƙi saki, kututturen ya mirgina da shi, ya koma ƙasa ayaba ta koma sama. Na jawo shi ta gemu, don shi na fara samu.

"Ba a ja wa babba gemu," ya ce yana tari.

"Yi haƙuri, Kawu."

"Gobe in ya sake faruwa ki ja da sauri."

Matsalar ita ce jikinsa ya saba da tsayuwa. Shekara arba'in da bakwai yana kafa ƙafa a katako don kada ya faɗi, yanzu ina ce masa ya saki ƙafa ya kwanta. In na ce ya buga ƙafa sai hannu ya tsaya. In na ce ya ja da hannu sai ya riƙa tura ruwan ƙasa kamar mai neman inda gora za ta kafu. Agwagin gidan suka saba da mu, sukan jeru a gefe su zuba ido.

Cikin sati na biyu muna tsaka da wannan fama sai na ji an ajiye tulu a bayana. Inna Rohiton ce, matarsa, ta riƙe ƙugu. Kawu ya saki kututture ya miƙe tsaye, ganyen gansakuka a kansa.

"Kifi nake nuna wa yarinyar nan yadda ake kamawa."

"To. Da ayaba?"

"Sabuwar dabara ce."

"Malam, shekara hamsin ina ɗaukar maka ruwan wanka a bokiti in kai bayan ɗaki, a garin da jarirai ke iyo. Ka ɗauka ina tsammanin kai ɗan sarauta ne?"

Bakin Kawu ya buɗe. "Kin sani? Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? In ce na auri mai fiton da tulu ya fi shi iya ruwa? Ni ma ina da dangi." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, 'yar boko, ki daina tausaya masa. Ki tura shi tsakiya, in ya ga mutuwa zai iya."

Ban tura shi ba. Inna ce ta tura shi. Bai iya ba.

Saura kwana biyu, iyakar abin da Kawu ya taɓa yi ba tare da ayaba ba kamu huɗu ne, kuma kamu na ƙarshen ƙasa ya nufa ba gaba ba. Na tattara ƙarfin halina na ce masa ya gaya wa Nurnobi kawai, ko ya ce wa dattawa gwiwarsa ba za ta iya ba.

"In ce wa ɗana ubansa maƙaryaci ne? In ce wa garin nan shekara arba'in da bakwai suna ba ni 'ya'yansu, alhali da jirgin ya kife ni za a fara ceto?" Sai ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. "Duba nan. Ban san saman kogin nan ba, amma babu mai rai da ya san ƙasansa kamar ni. Kullum gorata tana taɓa shi."

Ya zana mini wani tudun yashi da ke kwance ƙarƙashin ruwa daidai tsakiya, wanda a ƙarshen Choitro ruwan kansa iya ƙirji ne. Daga tudun akwai wani siririn doro da ya tafi yamma, ya lanƙwasa, ya komo gabas, ya sake karkacewa, ya nufo gaɓarmu. In ya durƙusa ya bar kai kaɗai a waje, yana wurga hannuwa, wa zai san tafiya yake yi?

"Har gaɓa doron ya kai?" na tambaya.

Ya sosa gemu. "Saura kamu goma. Wurin da muke ɗaure jirgi. Nan gora ma da kyar take taɓa ƙasa."

"Kawu, huɗu ka iya."

"A tafki. A kogi mutum ya fi ƙoƙari, in ana kallonsa."

Ranar ta zo da hantsi mai zafi. Gaɓa biyu suka cika. Masu ganga sun zo, masu alewa da guggurun shinkafa sun baza kaya, yara sun hau bishiyar magarya har rassanta sun sunkuyo. Haripada bai tsaya a gaɓarsu ba, ya ƙetaro tun da sassafe don a gabansa a yi. Ni da Inna Rohiton muka tsaya daidai bakin ramin nan mai kamu goma. Na ɗaure mayafina a ƙugu. Inna ta raɗa mini, "In kin ga gemun ya ɓace ya wuce numfashi uku, ki faɗa. Kunya ta jira."

Kawu ya tuƙa jirgin da kansa, Nurnobi na zaune a gaba sanye da sabuwar riga. Ya tsaya, ya caka gora, ya matsa kaɗan, ya sake cakawa, ya koma baya taku biyu.

"Me yake nema?" in ji wani.

"Wurin da ubansa ya faɗa," in ji wani dattijo. "Mutumin nan ya san al'ada."

Sai ya miƙa gora. Nurnobi ya kama. Kawu bai saki ba. Daga gaɓa muna ganinsu, wannan ya ja wancan ya ja, har Haripada ya yi ihu, "Sakar masa mana, ba matarka ba ce!" Kawu ya saki. Ya toshe hanci da yatsu, ya rufe ido, ya faɗa. Matan Ghoshgati suka rangaɗa guɗa, ganga ta ɗauka.

Jan gemu ya ɓullo. Hannuwa suka fara wurgi, ɗaya bayan ɗaya, ba laifi. Sai dai maimakon ya nufo mu, ya nufi yamma.

"Ina za shi?"

"Kai, Hekmot! Gida nan ne!"

"Ku bar shi, bankwana yake yi da kogin."

Ya yi yamma har ya kusa bishiyar mangwaro ta gaɓar can, sannan ya lanƙwasa kamar an ja shi da zare ya komo gabas. Ya wuce ta gaban jirgin, Nurnobi na tsaye da gora yana bin sa da ido. Wani malamin makaranta ya ce irin wannan iyon na mutanen da ne, yanzu ba a koyar da shi. Wani ya ce bai taɓa ganin mai iyon da kansa ba ya ko motsi ba. A lanƙwasa ta biyu ya taka wani abu, ya ce "Wayyo!" ya ɗaga ƙafa, amma ya yi sauri ya mai da abin kirari.

A hankali ya iso bakin ramin. Yanzu muna ganin fuskarsa sarai. Ya dube ni, na dube shi. Hannuwansa suka ci gaba da wurgi, amma shi yana wuri ɗaya.

Ganga ta yi ta bugawa. Ya yi ta iyo. Wani ganyen ayaba ya taho a kan ruwa, ya wuce shi, ya yi nisa.

"Ruwan na da ƙarfi a nan," in ji dattijon nan, amma muryarsa ba ta da tabbas.

"Wane ƙarfi?" in ji Haripada. "Ga agwagwa can tana barci a kai. Hekmot! Kindirmona zai yi tsami! Ƙaraso!"

Na ga Kawu ya ja numfashi. Ya saki ƙafa. Kamu ɗaya, kamu biyu, gemu ya nutse. Inna ta danƙe mini hannu. Numfashi ɗaya. Biyu. Na riga na sa ƙafa a ruwa sai ga shi ya ɓullo, ba gaba ba, baya, daidai inda ya taso, yana tari yana laluben ƙasa da ƙafa. Da ya samu, bai sake durƙusawa ba. Ya miƙe tsaye sosai. Ruwan iya cibiyarsa.

Mai ganga ya tsaya da sanda a sama.

Kawu ya tsaya nan, ruwa na zuba daga gemunsa, lungi ya manne masa. Ya dubi gaɓarmu, ya dubi ta tsallake. Sannan ya juya wajen jirgi, ya haɗa tafin hannuwa a baki, ya yi kiran da ya shekara arba'in da bakwai yana ji daga bakin wasu.

"Mai fito! Hooo, mai fito!"

Nurnobi ya waiga bayansa, ko da wani ake. Da ya gane shi ne, ya caka gora ya taho. Tuƙinsa na farko ke nan a gaban jama'a, kuma ya yi kyau, sai dai babu wanda ya kula.

"Baba, lafiya? Gwiwar ce?"

Kowa ya ji tambayar, don ko yaro bai motsa ba. Ƙofa ce Nurnobi ya buɗe masa, da ya ce e da shi ke nan. Na ga Kawu ya dubi gwiwar tasa, kamar yana shawara da ita.

"Gwiwa lafiyarta lau," ya ce da ƙarfi. "Ban iya ruwa ba. Ban taɓa iyawa ba. Miƙo hannu, ɗan nan, wani abu yana cizo na a ƙafa."

Da aka sauke shi a gaɓa, wanda ya fara samun murya Haripada ne. Ya ajiye tukwanensa ya nufo shi yana nuna shi da yatsa.

"Kai! Kai, mugun tsoho! Shekara arba'in da bakwai! Kullum in na shiga jirgin nan nakan ce wa raina, Haripada, kwantar da hankalinka, ko ya kife ga Hekmot. Ashe da ya kife ni zan ɗauke ka a baya, da tukwane biyu!"

"Ya taɓa kifewa?"

"Ba wannan ake magana ba!"

"Ya taɓa kifewa, na ce?"

"Damina ta shekarar nan da ruwa ya kai rufin masallaci, kai ne ka fitar da garin nan gaba ɗaya! Har ina yaba maka, ina cewa dubi jarumi, ko gezau!"

"Ba jarumta ba ce. Tsoro ne ya sandarar da ni."

Wani ya fashe da dariya a baya, sai ta bazu, har ta ƙetara kogi ta kama mutanen Ghoshgati, waɗanda ba su ma ji abin da aka ce ba. Angon nan da aka taɓa bari a gaɓa, yanzu mai 'ya'ya biyar, ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Nurnobi kaɗai bai yi dariya ba. Ya cire sabuwar rigarsa ya yafa wa ubansa a kafaɗa, ya ce a hankali, "Shi ya sa ka hana ni? Ni da na ɗauka ka raina tuƙina ne."

"Tuƙinka ya fi nawa tun kana da ashirin," in ji Kawu. "Kada ka faɗa wa kowa."

Dattawa kuwa suka kafa muhawara nan take a ƙarƙashin magarya. Wasu suka ce gora ba ta sauya hannu ba, tunda tsoho ya komo a jirgi, sai an sake. Inna Rohiton ta ce duk wanda ke son a sake ya fara faɗawa shi. Wasu suka ce ya yi fiye da rabi, a karɓa. Wani ya ce tafiya ya yi ba iyo ba. Wani ya ce a ina aka rubuta cewa sai iyo. Ana cikin haka tsohuwa Abiron, wadda ta haura casa'in kuma aka kawo ta a kan kujera don ta yi kallo, ta buga sandarta a ƙasa.

"Wai tsallen me kuke ta faɗa? Ina nan ranar Kalu, ina 'yar shekara takwas. Kalu bai yi tsalle ba. Faɗa suke yi shi da Jobbar a kan gorar, Jobbar ya fizge, tsoho ya tafi da baya. Da ya fito kunya ta hana shi faɗa, ya ce haka ake yi."

Wani saurayi ya matso kusa da ita.

"Kaka, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Na faɗa. Kuka ce na rikice."

Muhawarar ba ta ƙare ba, har yau ana taɓa ta a rumfar mai shayi. Amma gora na hannun Nurnobi, babu wanda ya je ya karɓe ta. Yara suka ƙirƙiro wasa a bakin ruwa, su durƙusa su yi ta wurga hannu suna tafiya a karkace. Kawu ya yi kwana uku bai fita ba, a na huɗu ya fito ya tsaya yana kallonsu, ya ce wa ɗaya ya ƙara sunkuyawa, kafaɗarsa na nunawa.

Haripada ne ya ƙi sauka. Ya daina yi masa magana. In sun haɗu a gaɓa sai ya ce wa tukunyarsa, "Gaya wa wancan mutumin ya matsa."

Ranar da zan koma Rajshahi, Kawu ya ce zai raka ni tsallake har wajen mota. Rabonsa da zama a jirgin nan tun yana ɗan sha biyu. Muka shiga, Haripada ma ya shigo da tukwanensa babu komai, zai koma gida. Jirgi na barin gaɓa na ji an damƙe mini hannu. Kawu ne, fuskarsa ta yi fari, idonsa a kan ruwan da ke wucewa dab da gefen katako.

"Uwata," ya raɗa, "haka kuke ganinsa kullum? A tsaye ban san yana kusa haka ba."

"Rufe ido, Kawu."

"In na rufe ya fi motsi."

Haripada ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi tsaki, ya matso ya zauna a ɗaya gefen, ya miƙa masa sandar tukwanensa.

"Ungo, riƙe. Matsoraci kawai. Riƙe ta a tsaye kamar gora."

Kawu ya riƙe da hannu biyu har muka isa. Ya raka ni wajen mota, ya sa mini albarka, ya ce in yi ta karatu in kuma riƙa magana ko kaɗan ne. Da motar ta tashi na hango shi tsaye a gaɓar Ghoshgati yana duban jirgin, Nurnobi na yafito shi, shi kuma yana nuna masa da hannu cewa ya je ya dawo tukuna.

Bayan sati mahaifiyata ta bugo mini waya. Ta ce kwana huɗu Kawu ya yi a gidan Haripada kafin ya yarda ya ƙetaro, ya shanye musu tukunya biyu da rabi, kuma ya ce wa duk wanda ya tambaya kindirmon ba ruwa a cikinsa, shi shaida ne.